Ranar da Sunayen Masu Albasa Suka Fito

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Na buɗe ofis yau, ko da yake babu aikin yi. Shafin ƙungiya a rufe yake tun Asabar. Yaya Ubaidu ne ya rufe shi da hannunsa, sannan ya hau babur ya tafi Dingyaɗi wurin Kawu. Duk wanda ya tambaya, Inna sai ta ce ya tafi duba gona. Wace gona a wannan bazarar? Amma haka muke cewa.

Bari in rubuta komai tiryan-tiryan, ko kaina ya daina juyawa. Aikina a ƙungiyar manoman albasa ta nan Boɗinga shi ne shigar da kaya. Manomi ya zo ko ya aiko, ya ce yana da buhu kaza a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ni kuma in rubuta a shafinmu na intanet, masu saye daga Kano da kudu su gani su kira lambar ofis. Yaya ne ya gina shafin shekara uku da suka wuce, a kan wata manhaja ta kyauta da mutane ke gina shafuka da ita.

Kowane manomi yana da rajista a ciki. To Muhammad Sani bakwai gare mu, Yusuf biyar, Nuhu uku. Don haka a gurbin suna ba suna kaɗai muke sawa ba, yadda ake kwatanta mutum muke sawa. “Nuhu na Idi, gida mai shuɗiyar ƙofa bayan injin niƙa, Lambara.” Ai haka ake sanin mutum. Wa zai ce laifi ne? Yaya ya ɓoye su, mu kaɗai ke gani daga ciki, na waje yawan buhu kawai yake gani da lambar ofis.

Ranar Juma'a aka kai hari gidan Malam Nuhu. Yana asibiti a Sakkwato, da ransa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan. Amma mai injin niƙa ya ce waɗanda suka zo sun tambaye shi gidan da kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, har da shuɗiyar ƙofar, ɗayansu yana duba waya. Da aka buɗe shafin, sai ga sunayen mutanenmu duka a fili, kowa da gidansa, kowa da yawan buhunsa.

Yanzu gari ya ɗauka Yaya ne ya sayar da su. Alhaji Malami, shugaban ƙungiya, ya sa taro a Shagari ranar Asabar, ashirin da huɗu ga wata. A can za a yanke ko a miƙa shi ga hukuma. Saura kwana goma sha tara.

Ina son in san yadda abin da ya shekara uku a ɓoye ya fito fili. Wallahi ina so.

Talata, 6 ga Mayu, hantsi

Inna ta aika wa Yaya da fura. An dawo da kwanon a wanke, babu saƙo.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na kira Zulaihatu. Tare muka yi kwalejin ilimi, ita ta zarce da harkar kwamfuta, yanzu shafuka take gina wa mutane a birni. Ban gama bayani ba ta katse ni. “Atika, tsaya. An sabunta manhajar kwanan nan?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce in duba. A cikin shafin, gefen hagu, akwai inda jan ɗigo ke fitowa in masu manhajar sun fitar da sabuwa. In an danna, sai ta sauko da sabbin fayiloli ta shimfiɗa su a kan tsofaffin. Na ce ɗigon ba ya nan. Ta ce, “To an danna shi ke nan.”

Na san ɗigon. Wata biyar yana kallona kullum da safe, ja wur. Yaya ya taɓa cewa kada a taɓa shi. Sau ɗaya ya faɗa, yana ɗaure kaya a babur, kuma bai faɗi dalili ba. Haba, mutum ya ce maka kada ka taɓa abu, ai sai ya faɗi dalili.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Zulaihatu ta koya mani yadda zan kwafo shafin gaba ɗaya cikin kwamfutar ofis, in yi ta jagwalgwalona babu mai gani daga waje. Yaya yana ajiye kwafi kowane wata a filashi, ɗan abin ajiyar fayil da ake soka wa kwamfuta, cikin gwangwanin madara a durowa. Na ɗauko na watan Maris.

Ikon Allah! Shekara uku ina aiki da abin nan, ashe ban taɓa ganin cikinsa ba. Fayil ya fi dubu biyu, kowanne da aikinsa. Wannan na rubuta kwanan wata ne, wancan na rage girman hoto, wani kuwa aikinsa kawai ya duba ko kalmar sirri ta yi daidai. Wasu mutane ne a wata duniya suka zauna suka rubuta, har suna barin 'yan bayanai a gefe ga duk wanda zai zo bayansu. Wani ya rubuta da Turanci cewa shi ma bai san abin da ya sa layin nan ke aiki ba, amma don Allah kada a cire. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na ji kunyar dariyar.

Ban san azahar ta yi ba sai da na ji ana sallamewa a masallacin kasuwa.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Na gano wurin. Akwai fayil ɗin da ke rubuta sunan mai kaya a ƙarƙashin kowane talla. A kwafin Maris layi huɗu sun ɓace daga cikinsa, a gurbinsu ga rubutun Yaya da Hausa a tsakiyar Turancin mutane: “Na cire suna nan. U.” A na yanzu layukan huɗu sun dawo, rubutun Yaya kuwa babu shi, ko alamarsa.

Na tura wa Zulaihatu hoto. Ta turo murya tana salati. “Uwar manhajar ya yanka! Ba a taɓa uwa, Atika. Duk abin da ka gyara a cikinta, ranar da aka sabunta sharewa za a yi. Ita ba ta san ya yi gyara ba, kayanta ta mayar yadda ta san su.”

Ke nan babu wanda ya sayar da kowa. Na ji sanyi a raina har na yi hamdala. Sanyin bai daɗe ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da safe

An ce Malam Nuhu ya yi magana jiya. Ya gane matarsa.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan azahar

Alhaji Malami ya leƙo ofis. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ranka shi daɗe na gano abin, ba mutum ne ya fitar da sunayen ba, sabuntawa ce ta goge gyaran Yaya. Na yi ta zuba kamar wadda ta ci jarrabawa.

Ya saurare ni har ƙarshe, don Alhaji ba ya katse mutum. Sannan ya ce, “Ɗiyata, wanga bayani Ubaidu ya yi muna shi tun waccan Asabar. Munka ce to wa at taɓa abin? Yac ce shi na. Munka duba, sunanai na rubuce, sha bakwai ga Afrilu, sha ɗaya da minti ashirin. To shi ag gina abin ga. Shi as san in an taɓa, mutane na hita hili. Da wanda bai sani ba na, sai a ce kuskure. Shi ko ya sani. Dom mi yat taɓa?”

Na ce haka ne, ranka shi daɗe. Wai haka ne na ce.

Sunan Yaya ne a rubuce saboda da sunansa ake shiga. Tawa rajistar ba ta ɗora hoto, shi kuma kullum yana ƙauye, sai ya rubuta mani kalmar sirrinsa a bayan kalanda. Ranar sha bakwai ga Afrilu tun asuba ya fita wurin ɗurin albasa. Mutane suna cewa ai da waya ma ana yi. Ofis dai ranar mutum ɗaya ne a cikinsa.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe biyu

Zafi. Ban faɗa ba.

Laraba, 14 ga Mayu, hantsi

Na tambayi Zulaihatu, to in ba a taɓa uwa, yaya ake hana ta abin da ta saba? Ta ce yau kin yi tambaya.

Ashe masu manhajar sun san kowa da irin buƙatarsa, sai suka bar ƙugiyoyi a hanya. Kafin ta rubuta suna, takan tsaya ta tambaya ko akwai mai magana. In babu, ta rubuta abinta. In ka rataya naka umarnin a ƙugiyar, sai ta miƙo maka sunan, kai kuma ka mayar mata da abin da ka ga dama, shi za ta rubuta. Umarnin naka kuma ba a cikin uwar yake zama ba. Akwai wata jaka a gefe, ta baƙi, wadda sabuntawa ba ta leƙawa. Kamar zaman haya ne, in ji Zulaihatu, ba ka fasa bangon mai gida, inda ya bar maka ƙusa nan kake rataye kayanka.

Na nemo jerin ƙugiyoyin. Sun haura dubu! Akwai ta kwanan wata, akwai ta tsawon taƙaitaccen bayani, akwai ta maganar da ke fitowa in mutum ya manta kalmar sirri. Wa ya zauna ya hango duk wannan? Da tun a kwaleji aka nuna mana, da ban ɓata shekara uku ina koyon zana tebur da canza launin rubutu ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe sha biyu

Na rubuta fayil ɗina na farko. Layi tara. Na ajiye a jakar gefe, na kunna, sai shafin ya koma fari fat, babu komai. Na ce shi ke nan, na sake ɓata wani abu.

Ashe alamar baka ɗaya na buɗe a cikin rubutun ban rufe ba. Na rufe, shafi ya dawo. A ƙarƙashin tallan farko, inda sunan mutum da gidansa suke, yanzu “Ƙungiyar Manoman Albasa” ce a rubuce. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Na tashi na zaga tebur sau biyu. Layi tara, jama'a! Layi tara ne kawai tsakaninmu da duk abin nan. Na koma na zauna, na daɗe ina kallonsu.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

An yi suna a gidan maƙwabta, ba a kawo wa Inna goro ba. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya. Ta ce ƙila mantuwa ce, ta ci gaba da tsince wake. Sai can ta ce, “Mi ki ka yi can ohis kullum, ga shi an ruhe abin?” Na ce gyara nake yi. Ta ce, “Allah shi sa a gyaru.”

Yau ma ban faɗa ba.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe uku

Na yi saurin murna. Zulaihatu ta ce in daina kallon shafin da idon mai ofis, in kalle shi da idon wanda ke neman mutum. Na fita daga rajista na shigo kamar baƙuwa. Tirƙashi! Sunan ya ɓace a ƙarƙashin talla, amma ashe kowane manomi yana da shafinsa na kansa da manhajar ta yi masa ba tare da an roƙe ta ba. Yana nan kuma a cikin adireshin da ke can sama. Na koma kwafin Maris na duba da kyau, ashe wuri biyar Yaya ya yanka, ni ɗaya na gani.

Biyun can na rufe su kafin azahar. Wanda ya ba ni wuya shi ne shafin farko. In na cire sunan, sai ya dawo. In sake cirewa, ya sake dawowa, har na fara yi wa kwamfuta tsawa. Ashe adon shafin, wanda wasu mutane daban suka yi, shi ma ya rataya nasa umarnin a ƙugiyar da na rataya nawa, yana zuwa bayana yana mayar da suna. To in mutum biyu suka haɗu a ƙugiya ɗaya, da lamba ake bin layi. Wanda bai faɗi lamba ba, goma ake ba shi. Mai ƙaramar lamba ya fara, mai babba ya rufe, kuma maganar na ƙarshe ake ɗauka. Na ba kaina casa'in da tara.

Zulaihatu ta ce wai me ya sa ba za mu goge kwatancen gidajen ba, mu ba kowa lamba. Na ce ki zo da kanki ki gaya wa dattijon Lambara daga yau shi ne arba'in da biyu. Ta ce 'yan ƙauye ku da rigima. Na ce ke da kika bar Boɗinga shekaranjiya.

Lahadi, 18 ga Mayu, kafin magariba

Na hau keken napep zuwa Dingyaɗi. Na sami Yaya a zauren Kawu yana kwance wani tsohon injin ban-ruwa da babu wanda ya sa shi. Ya rame. Na nuna masa fayil ɗin a waya. Ya goge hannu, ya karanta sau biyu, ya ce, “Haka a ka yi. Na sani tun can.”

Raina ya ɓaci. Na ce ka sani? Ya ce ya sani, lokacin ana gaggawar buɗe shafi kafin cirar albasa, sai ya yanka, ya ce in an huta zai gyara. Ba a huta ba. Na ce, “To dom mi ba ka hwaɗa mani dalili ba? Kalma guda, Yaya!” Ya ce, “Kunya ta. In ce maki aikin da kowa ka yabo, hwaci na?”

Ban ce komai a kan ranar sha bakwai ga Afrilu ba, shi ma bai ce ba. Sai da na tashi tafiya ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Ran taro ki yi zamanki gida. Ni namiji na, in abin ya ɓaci in bar garin. Ke ga Inna, ina za ki?” Na ce ba barin gari ake magana ba, hukuma ake magana. Ya ce ya sani.

Har na iso gida ina jin haushinsa. Haushin ya fi sauƙi.

Litinin, 19 ga Mayu, da safe

Ban faɗa ba. Saura kwana biyar.

Talata, 20 ga Mayu, bayan azahar

Wuri na biyar shi ne saƙon da ake tura wa masu saye in an sa sabon kaya. Shi ma da suna yake tafiya, kuma babu ƙugiya a kansa. Tun jiya nake nema. Yau sai na lura a saman aikin da ke haɗa saƙon an rubuta wani sharaɗi: in babu wani aiki mai wannan sunan, to ga nawa. Wato manhajar tana dubawa tukuna. In ta ga wani ya riga ya rubuta nasa a gefe, sai ta janye nata baki ɗaya. Na kwafo aikin cikin fayil ɗina, na cire inda yake ɗauko suna, na bar masa sunan da ta sani. Ta janye kuwa, ko gardama babu.

Ina ta tunanin wanda ya rubuta sharaɗin nan. Ya yi aikinsa ya gama, sannan ya bar ƙofa ga wanda zai zo ya ce nasa ya fi. Namiji ne ko mace? Ya san albasa a rudu? Ko yana da rai ma, oho.

Fayil ɗina ya kai layi sittin da ɗaya. A saman kowane sashe na rubuta abin da yake yi da dalilin yin sa, da Hausa, dalla-dalla.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya

Gwaji. Na ɗora kwafin Maris, mai facin Yaya. Jan ɗigon ya fito. Na daɗe kafin in danna, alhali kwafi ne, babu mai gani. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Sunaye suka fito reras, na Malam Nuhu ne na uku. Na tashi na fita bayan ofis.

Na wanke fuska na dawo. Na sake ɗora kwafin, wannan karon da fayil ɗina a gefe. Na danna. Babu suna ko ɗaya, a ko'ina. Sau shida na maimaita.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Ni ce na danna.

Ga shi na rubuta. Wani mai saye daga Kano ya kira ya ce shafin yana nauyi, na ce ƙila ɗigon ne. Wannan shi ne dalilin da ya yi kyaun faɗa. Na gaskiyar shi ne ina son in ga abin da zai faru. Tun ina ƙarama haka nake, ni na kwance rediyon Baba, aka doki Yaya. Na danna, ta ce an gama, na duba daga ciki komai lafiya, har na ji daɗi wai na yi abin kirki. Ban duba daga waje ba. Kwana goma sha biyar sunayen mutane suna fili, ni kuma ina zaune ina ƙara musu buhuna.

Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai. Babu abin da ya nuna ni. In na yi shiru, babu mai sani har abada, sai shi.

Juma'a, 23 ga Mayu, hantsi

Na gaya wa Inna. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, “Ku biyun ga ni nih haihe ku. Kin ɗauka ban sani ba?” Can kuma ta ce gobe in tashi da wuri, motar Shagari ba ta jira.

Asabar, 24 ga Mayu, kafin magariba

An yi taron a rumfar reshenmu na Shagari. Maza sun fi sittin. Mata 'yan kaɗan ne a gefe kan tabarma, cikinsu har da Bilkisu matar Malam Nuhu, ta zo daga asibiti. Yaya yana zaune a ƙasa gaban Alhaji. Da ya gan ni da kwamfuta sai ya kawar da kai.

Na nemi izini, Alhaji ya ba ni. Na ɗora kwamfutar a kan benci, hasken rana ya hana a ga komai, sai da wani ya cire babbar rigarsa aka riƙe a kai. Na nuna musu shafin yadda yake a watan Maris. Na danna ɗigon a gabansu. Da sunayen suka fito, Muhammad Sani na bakin kasuwa ya ce, “La'ilaha illallahu, ga gidana!” Wani tsoho ya ce a sake, bai gani ba. Na sake. Sannan na sa fayil ɗina na danna. Tsohon ya sunkuyo har hularsa na taɓa gilashi, ya ce, “To ina sunka tahi?” Na ce suna nan ciki, Baba, an dai hana ta faɗa. Ya ce wa ya hana ta? Na shiga yi masa bayanin ƙugiya. Allah Ya sani, na ɗan lokaci na manta abin da ya kawo ni.

Alhaji ne ya dawo da ni. “Mun gani, ɗiyata, kin yi aiki. Amma tambayata na nan. Wanda yas san haka, dom mi yat taɓa?”

Na ce, “Bai taɓa ba, ranka shi daɗe. Ni ta. Ni at taɓa, da sunanai nis shiga. Ya hana ni, ban ji ba. Ban san abin da za shi hwaru ba.”

Yaya ya yi tsalle ya ce ƙarya nake yi. Na fito da kalandar daga jaka, na juya bayanta, ga rubutun hannunsa. Sai wani daga baya ya ce shi ma abin ya daɗe yana damunsa, don ranar suna tare da Ubaidu a fadama, inda waya ba ta kamawa sam.

Wuri ya kaure. An faɗa mani maganganun da ba zan rubuta ba, kuma ban ga laifin masu faɗa ba. Da aka lafa, Alhaji ya yanke. Babu maganar hukuma. Ubaidu ya ba ƙungiya haƙuri a kan facin da ya ɓoye. Za a buɗe shafin da fayil ɗina a ciki. Ni kuma in ajiye makullin ofis. Na ajiye a kan bencin.

Muna watsewa Bilkisu ta tare ni. Ba ta ɗaga murya ba. “Sati ukku, kowace salla sai na kai ƙarar yayanki wurin Allah, da sunanai. Yanzu hwaɗa mani, ƙaƙa zan yi in maido?” Ta ce in kai ta wurinsa, na kai ta. Ta durƙusa a gaban mutane ta ce ya yafe mata. Yaya sai hawaye.

Da ta miƙe ta dube ni. “Ke ko ban san mi zan yi da ke ba tukuna. Tun da Malam yab buɗe baki tambayatai guda ta, wa ab bada shi. Ke za ki zaka ki hwaɗa mai da bakinki.”

Na ce to.

Lahadi, 25 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Yaya ya kwana a gida. Ina jin sa yanzu a ƙofa ana gaisawa, muryoyi uku ko huɗu. Motar Sakkwato ƙarfe tara take tashi, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.

Ya shigo ya ce zai raka ni asibitin. Na ce a'a, nauyin da ya ɗaukar mani ya isa.